Darasi Na 17: Baƙin Ƙwallo

A cikin birnin Zariya, in la'asar ta yi sakaliya, mu kan ga samari sun kewaye wani tebur mai koren ƙyalle a bakin hanya. Wasan da su ke yi sunansa sinuka. Teburin yana da ramuka 6. Akwai farin ƙwallo guda, da waɗansu 15. Mutum biyu ke karawa, kowa da nasa 7. Wanda ya gama zuba nasa a rami, sai ya nemi baƙin, watau mai lamba 8. In ya jefa shi, ya ci wasa. In kuwa farin ya bi shi cikin rami, an cinye shi.

Sau da yawa mun ga saurayi ya zuba bakwai ɗinsa ba kuskure. Da ya zo kan baƙin, sai hannu ya kama rawa, ya ɓarar. Mene ne dalili? Ƙwallon bai ƙara nauyi ba, ramin kuma bai tsuke ba. Tsoro ne ya shige shi.

In tsoro ya kama mutum, jikinsa ya kan yi shirin gudu ko faɗa. Gaba ya riƙa faɗuwa, numfashi ya gajarce, tafin hannu ya yi gumi, jijiyoyi su ɗaure. Wannan shiri yana da amfani ga wanda kare ya biyo. Amma mai sanda a hannu sakin jiki ya ke bukata. Ga 'yan kallo suna ta surutu, shi kuwa yana tunanin dariyar da za a yi masa.

Kada mu ce wannan ciwon 'yan koyo ne kaɗai. A shekarar 1985 an yi gasar sinuka ta duniya, irin ta babban tebur, a garin Sheffield na Ingila. Steve Davis da Dennis Taylor su ka kara a ƙarshe. Davis ya riga ya ci wannan gasa sau 3. Ya fara da cin wasa 8 a jere, amma Taylor ya kamo shi, su ka yi 17 da 17. Wasan ƙarshe ya tsaya a kan baƙin ƙwallo. Davis ya sami dama, ya kuskure. Taylor ya jefa, ya ci gasa. Mutum fiye da miliyan 18 su ka kalla a talabijin har bayan tsakar dare. Duk da haka Davis bai karaya ba. Ya sake cin gasar a 1987 da 1988 da 1989.

To, yaya za mu yi in mun zo kan baƙin?

1. Mu zaɓi rami da ƙarfin bugu tun muna tsaye. Bayan mun sunkuya ba sauran shawara.
2. Mu goga alli a bakin sanda, mu ja numfashi a hankali sau biyu ko uku.
3. Mu riƙe sanda sako-sako, kamar yadda mu ke riƙe fensir a aji.
4. Mu kafa ido a wurin da mu ke son farin ya taɓa. Kada mu ɗaga kai sai ƙwallo ya tsaya.
5. In shakka ta zo, mu miƙe, mu sake shiri. Wannan ba abin kunya ba ne.
6. Kada mu sa kuɗi. Wanda ya ɗora kuɗin cefane a kan ƙwallo, lalle hannunsa ya yi rawa.

Sa'an nan mu saba yin haka a kowane bugu, na fari da na ƙarshe. Abin da hannu ya saba, ranar tsoro ba ya mantawa. Masu iya magana sun ce, garaje ba ƙarfi ba ne.

Tambayoyi

1. Ƙwallo nawa kowane ɗan wasa ke zubawa kafin baƙin?
2. Me tsoro ke yi wa jikin mutum?
3. Wa ya ci gasar 1985?
4. A wane aiki ne hannunka ya taɓa rawa don ana kallonka? Rubuta layi uku a kai.