Kwana a Gandun Daji da Sanin Taurari

Yaron da ya tashi a Legas, ko Fatakwal, ko Kano, yakan girma bai ga sararin sama sosai ba, domin hasken lantarki da hayaƙin motoci sun rufe masa taurari. A dajin da ba fitila kuwa, ido yakan ga taurari wajen 2,000 a lokaci guda. Sabo da haka ya kamata makarantu da ƙungiyoyin samari su riƙa shirya kwana a gandayen daji, domin yara su san abin da kakanninsu suka sani.

Wurin da ya dace

Misali shi ne gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 2,200. Ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa jihar a 2006. Baƙi kan sauka a masaukin Wikki, kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi. Lalle ne jagoran tafiya ya nemi izinin hukumar gandun, ya kuma tambayi halin tsaron hanya kafin a tashi.

Lokacin da ya dace

Sama ta fi wankewa bayan ɗaukewar damina, kafin hazon hunturu ya yi kauri. A zaɓi dararen ƙarshen wata ko na farkonsa, don farin wata yana dushe ƙananan taurari. Ido na bukatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Wanda ya haska tocila ko ya dubi waya, sai ya sake jira daga farko.

Abin da za a koya

Na farko, Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. A watan Disamba takan bayyana gabas da magariba, ta hau tsakiyar sama kafin tsakar dare. Wajen watan Mayu takan ɓuya yamma, watau daidai da gabatowar damina.

Na biyu, Zara da Gamzaki. Mutane da yawa sun ɗauka taurari biyu ne, alhali kuwa abu ɗaya ne, watau Zuhura, wadda ke kewaya rana kamar duniya. In ta fito yamma bayan faɗuwar rana a ce Zara, in ta fito gabas da asuba a ce Gamzaki.

Na uku, tauraron arewa, wanda ba ya barin wurinsa. A Yankari yana sama da bakin ƙasa da misalin faɗin dunƙulen hannu in an miƙe shi. Wanda ya fuskance shi, gabas na damarsa. Matafiyin da ya san wannan ba ya rasa alkibla da dare.

Dokokin zama

Daji gidan giwa ne da ɓauna, mutum baƙo ne a ciki. Kada a kafa tanti sai inda ma'aikata suka nuna, kada kuma wani ya fita daga masauki ba tare da mai gadin daji ba. A rufe abinci, domin birai kan saba da wawaso. A tafi da gidan sauro da bargo.

Abin da ya fi kome hatsari shi ne wuta. Da rani ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa, guntun sigari ɗaya ya isa ya cinye dajin da ya yi shekaru yana girma. A share kewayen murhu, a kashe wutar da ruwa, a binne tokar kafin a kwanta.

Malamin da ya kiyaye waɗannan zai dawo da ɗalibansa lafiya, ya bar dajin yadda ya same shi domin na baya.