Yadda Za Ka Tace Bidiyo Ka Rage Nauyinsa Da Python A Wayarka

Ka ɗauki bidiyon biki a Barnawa lokacin hunturu, hazo ya dusashe hoton, ga shi fayil ɗin ya yi nauyin da zai cinye maka data kafin ka tura wa 'yan uwa. Layi huɗu na Python sun isa su gyara matsalolin biyu, kuma a wayar Android ɗinka.

Manhajar da ke yin aikin ita ce FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, kuma kyauta ce. Za mu ba ta umarni ta hanyar ffmpeg-python, wato tarin lambobin da wasu suka riga suka rubuta domin a kira su daga Python.

Da farko, sauke Termux daga F-Droid, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

pkg install python ffmpeg
pip install ffmpeg-python
termux-setup-storage
cd ~/storage/dcim/Camera

Sai ka canza sunan bidiyon zuwa biki.mp4, ka rubuta nano tace.py, ka zuba wannan a ciki:

import ffmpeg
shiga = ffmpeg.input('biki.mp4')
hoto = shiga.video.filter('scale', -2, 720).filter('hqdn3d').filter('eq', contrast=1.2)
ffmpeg.output(hoto, shiga.audio, 'sabo.mp4', crf=28).run()

Ka adana, sannan ka rubuta python tace.py.

Matatu uku ne suka yi aiki a jere. Ta farko, scale, ta mayar da tsayin hoton zuwa 720. Hoton 1080 na da ɗigo 2,073,600, na 720 kuwa 921,600, wato ƙasa da rabi. In a tsaye ka riƙe waya, juya lambobin su zama 720, -2. Ta biyu, hqdn3d, tana share yaushin da ke bayyana a bidiyon dare. Ta uku, eq, tana fito da bambancin haske da duhu wanda hazo ya cinye.

Lambar crf tana tsakanin 0 da 51. Duk yadda ta ƙaru, nauyi zai ragu, amma kyau ma zai ragu. In fuskoki sun fara dagulewa, koma 23.

Ka kula da abu biyu. In ka manta shiga.audio, bidiyon zai fito babu sauti. Sannan kada ka goge na asali sai ka kalli sabon har ƙarshe, domin abin da aka rage ba ya dawowa.