Ƙwayar Toshe Maiƙo Ba Ta Ganin Tuwo

A aikina na harhaɗa magunguna tsakanin Boɗinga da Shagari, masu neman maganin rage ƙiba sun fi yawa cikin 'yan mata masu shirin biki, da matan da suka gama wankan jego, sai magidantan da likita ya ce su rage tumbi saboda hawan jini ko ciwon suga. Yawanci a waya suka ga tallar, an ce musu ƙwayar tana narkar da kitse.

Ba ta narkar da komai. Sunan maganin orlistat. Amurka ta amince da shi a 1999 da sunan Xenical, mai miligiram 120, sai da takardar likita; a 2007 ta yarda a sayar da mai miligiram 60, wato alli, ba tare da takarda ba. A cikin hanji kawai yake aiki: yana hana sinadarin da ke narkar da mai yin aikinsa, sai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maiƙon abincin da aka ci a lokacin ya fita ta bayan gida. Kitsen da ya riga ya zauna a ciki da cinya, babu ruwansa da shi.

To, mu nan me ke sa mu ƙiba? Malmalar tuwon shinkafa biyu, taliya, burodi da shayi mai suga cokali uku, fura da aka cika wa suga, lemon kwalba bayan kowane abinci. Duk waɗannan ƙwayar ba ta ganin su. Ko a binciken da aka yi kan waɗanda suka sha babbar, mai miligiram 120, tsawon shekara suna kuma kiyaye abinci, abin da suka rage fiye da waɗanda ba su sha ta ba bai wuce kimanin kilo 3 ba.

Sai kuma abin da masu talla ba sa faɗa. Wanda ya sha ta sannan ya zauna wa ƙosai, ko masa da man shanu, ko soyayyen kifi, man da bai narke ba zai nemi hanya. Yakan fito tare da tusa, ruwan ɗorawa kamar manja, ya ɓata wando ko zane mutum bai sani ba. Wata baiwar Allah ta ce min, "Malam, alwalata ta daina zama, kowace salla sai na canza kaya." Don guje wa haka, maiƙon kowane abinci kada ya wuce giram 15, wato cokalin cin abinci ɗaya na mai. Kuma wanda ya iya tsayawa a kan wannan, ai ya riga ya yi rabin aikin da kansa.

Mai ciki, mai shayarwa da wanda bai kai shekara 18 ba, kada su sha. Masu shan maganin farfaɗiya, na maƙoƙo, na ƙanjamau ko warfarin, sai sun ga likita, domin tana iya dagula aikin maganinsu. Zawo mai tsanani kuma yana iya raunana ƙwayar tazarar haihuwa. Tana rage shigar bitamin A, D, E da K cikin jiki, shi ya sa ake shan ƙarin bitamin lokacin kwanciya. Idan ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, a daina, a nufi asibiti.

Shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ke yawo babu lambar NAFDAC sun fi ba ni tsoro. A ƙasashe da dama an sha gano sibutramine a ɓoye cikin irinsu, maganin da Turai da Amurka suka janye a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini da ya sayi irin wannan ya kawo kwalin kemis ko asibiti a duba kafin ya buɗe.