Amsoshin Tambayoyinku: Ana Iya Renon Bonsai a Gombe?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Madaki a Gombe ya ce ya ga itacen elm a ɗan kasko a intanet, yana tambaya ko zai yi a gidansa.

To Malam, wannan sana'a ta bonsai, wato renon itace ya zauna ɗan ƙarami a kasko, daga Sin ta samo asali, Japanawa suka ƙawata ta, har suka kafa ƙauyen masu ita a Omiya a 1925. Amma elm ɗan ƙasashen sanyi ne, zafin Maris da Afrilu na Gombe zai wahalar da shi. Shawarata ka nemi ceɗiya ko tsamiya. Ceɗiya ta fi sauƙi, reshe kawai za ka dasa ya kama. Tsamiya kuwa ƙananan ganyenta su ne kyanta.

Ka samu kasko marar zurfi mai huda a ƙasa, ka haɗa yashi da ƙananan tsakuwa da ruɓaɓɓen taki. Da farkon damina, wajen Yuni, ka datse uwar saiwar da ke nutsewa ƙasa, ka bar ƙanana su bazu. Duk reshen da ya zarce, a rage shi da almakashi.

Wajen lanƙwasa rassa ne ake yawan ɓarna. Ka naɗa wayar alminiyum a reshe, ka karkata shi a hankali, kana dubawa. Da ka ga ta fara cin ɓawo, cire ta, don tabon yakan daɗe bai ɓace ba.

Lokacin bazara a ba itacen ruwa safe da yamma, da inuwa da tsakar rana. Kuma don Allah a ɗora kaskon inda awaki ba za su kai ba.