Ƙarin Bayan Ƙashin Ƙirji: Ciwon Dajin Timus

Ɗora hannunka a tsakiyar ƙirjinka. Bayan wannan ƙashi, tsakanin huhu biyu, akwai wata ƴar tsoka da likitoci ke kira timus. Aikinta horar da ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Tana da girma a jikin yaro, bayan balaga sai ta riƙa motsewa. Jefi-jefi ƙari yakan fito a cikinta, galibi ga wanda ya haura shekara 40. Iri biyu ne: timoma mai girma a hankali, da wani mai saurin yaɗuwa.

Wasu ba sa jin komai, sai an ɗauki hoton ƙirji don wata larura a gan shi. Wasu kuma tari ne, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko kumburin fuska da wuya. Tarin da ya wuce mako 2, tibi muke fara nema, don shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Amma in an gwada kaki ba a ga komai ba, tari kuma bai tsaya ba, ka koma asibiti.

Alamar da na fi so ka riƙe ita ce raunin tsoka. Wajen mutum 1 cikin 3 masu timoma suna da shi. Da safe mutum garau, da yamma fatar ido ta saki, yana ganin abu biyu-biyu, tauna tuwo ta gagara, murya ta shaƙe. In ya huta sai ya ɗan farfaɗo, shi ya sa ƴan uwa ke cewa ragwanci ne ko sammu. Mai wannan rauni kada a ba shi kinin ko allurar jantamaisin ba da sanin likita ba, suna ƙara shi. In haɗiya ko numfashi ya fara wuya, a kawo shi nan take, ko da tsakar dare.

Hoton ƙirji somin-taɓi ne. Za a tura ka babban asibiti a yi sikana, a gwada jini, wani lokaci a ɗebi ɗan naman a duba. Babban magani tiyata ce, a cire timus gaba ɗaya. Babba yana rayuwa lafiya ba tare da ita ba. In ƙarin ya kama maƙwabtansa, akan haɗa da gashi ko allurar kansa. Yakan dawo ko bayan shekara 10, saboda haka ka adana katinka da hotunanka, ka riƙa zuwa ranar da aka sa maka.