Hawan Mambila a Kan Babur: Shirin Tafiya da Kula da Mashin

Wanda ya saba tuƙa babur a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Katsina, ya ajiye rabin abin da ya sani idan ya iso Mayo Selbe. Daga wannan gari ne hanya take fara hawa tsaunin Mambila a jihar Taraba, kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen, har sai mutum ya hau sama da mita 1,000 kafin ƙasa ta sake buɗewa a wajen Maisamari. Masu sha'awar tuƙi a hanyoyin daji suna son wurin, kuma suna da hujja: tuddai ne masu ciyawa iya ganin ido, da sanyi, da hanyoyin jar ƙasa da suka ratsa rugage da ƙauyuka har bakin iyakar Kamaru. Sai dai a can ƙarfin inji ba shi ne kan gaba ba. Birki, sarƙa da taya su ne za su mayar da kai gida.

Hanyar da aka fi bi ita ce daga Jalingo a bi ta Garba Chede da Bali, a iso Serti, sannan Mayo Selbe, a hau zuwa Maisamari da Nguroje, a sauka Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Ka ba wannan tafiya yini guda cur, ka kuma yi sammako. Idan la'asar ta riske ka a Serti, ka kwana a nan. Hawan tsaunin da daddare ganganci ne, ga hazo, ga manyan motoci masu saukowa da katako. Kafin ka baro Jalingo ka shiga tasha ka tambayi direbobin Gembu labarin hanya da na tsaro, don abin da za su gaya maka na jiya ne, ba na bara ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ruwa ya ɗauke. Daminar Mambila doguwa ce, tana kamawa tun wajen Afrilu har Oktoba, kuma a cikinta hanyoyin ƙauye sukan koma taɓo zalla. Wasu dai taɓon suke nema; waɗannan sun san abin da suka ɗauko wa kansu.

Sai maganar wane babur. Matasa da yawa idonsu yana kan manyan mashinan tseren daji irin su KTM ko Honda CRF, masu dogayen ƙafafu da taya mai haƙora. Ba shakka sun fi daɗin hawa a kan duwatsu. Amma ka tsaya bakin kasuwar Nguroje ka ƙirga abin da ke wucewa: Bajaj Boxer ne da 'yan'uwansa ƙanana na acaɓa, ɗauke da buhunan masara, da jarkoki, da mutum uku, suna bin hanyar da baƙo zai ce ba ta biyuwa. Dalili a fili yake. Duk bakaniken da ke ƙarƙashin rumfa a tsaunin ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa, kuma kayan gyaransu suna rataye a shago. Idan na'urar sarrafa mai ta babban mashin ɗinka ta ɗauke a wani ƙauye bayan Mayo Ndaga, ba mai taɓa maka ita. Sai dai a ɗora shi a bayan tsohuwar Land Rover, irin waɗanda har yau suke jigila a yankin, a sauko da shi. A ganina, wanda zai je karon farko ya tafi da ƙaramin mashin mai sauƙin kai, ya sa masa taya mai haƙora gaba da baya. Mai babban mashin kuwa ya ɗauko kayan gyaransa tun daga gida, kada ya sa rai da samun ko noti ɗaya.

Da zarar ka hau saman tsaunin za ka ji mashin ya yi nauyi, kana murza totur yana amsawa da kasala. Ba lalacewa ya yi ba. Iska ce ta yi ƙaranci: inji yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, kuma yawancin Mambila yana wajen mita 1,600 sama da teku. Mashin mai kafireto zai riƙa shan mai fiye da iskar da yake samu, sai filogi ya yi baƙi, inji ya fara tari da safe. Kwance filogin ka duba bakinsa. Idan ruwan ƙasa ne, lafiya lau. Idan ya yi baƙi ƙirin da toka a jiki, ka goge shi, ka je wurin bakaniken gari ya ɗan daidaita maka iskar kafireto. Ka lura da yawan juyin da ya yi wa sukurun, don in ka sauko Serti sai an mayar da shi yadda yake, in ba haka ba inji zai riƙa ɗaukar zafi. Filogi biyu a aljihun jaka ba su da nauyi.

Hawa bai cika kayar da mutum ba. Gangara ce take kayarwa. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su kashe inji, ko su matse kuloci, su saki mashin ya gangara don tsimin mai, suna dogara da birki kaɗai. A doguwar gangara irin ta Mayo Selbe birki yana ɗaukar zafi. Na ganga ya daina kamawa, na faifai kuma mansa ya tafasa, ka matsa ka ji hannu ya tafi a banza. Ka sauko da giyar da ka hau da ita, ta biyu ko ma ta ɗaya, ka bar inji ya riƙe mashin, birki kuma ka riƙa taɓa shi kana saki. In ka ji ƙaurin ƙuna, nemi wuri mai faɗi ka tsaya ya huce, kada ka watsa masa ruwa. A hanyar ƙasa kuma, ka ja jikinka baya a kan kujera, ka fi amfani da birkin baya, na gaba da yatsa biyu a hankali. Damƙe birkin gaba a kan tsakuwa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa faɗuwa ce nan take.

Jar ƙasar Mambila tana da hali biyu. Da rani ƙura ce mai laushi wadda ke shiga ko'ina. Idan kuwa ta sha yayyafi, samanta ya zama santsi, ƙasanta ya zama danƙo. Za ka ga laka tana naɗewa a taya, tana cika tsakanin haƙoran, tana taruwa a ƙarƙashin murfin tayar gaba har tayar ta daina juyawa, kai kuma kana mamakin me ya sa kan mashin ya ƙi bin umarni. 'Yan acaɓan yankin sukan tsaya su karyo sanda su sakace lakar, wasu ma tun farko sun ɗaga murfin sama ko sun cire shi. Yi yadda suke yi. Ka rage iskar taya kaɗan, daga 28 ko 30 a ma'aunin mai faci zuwa kamar 20, don ta shimfiɗu ta kama ƙasa. Kada ka wuce nan idan tayarka mai tub ce, don dutse zai tsinke tub ɗin, ko tayar ta zame a kan wili ta tsige bakin iska. Da ka dawo kwalta ka mayar da iskar, saboda haka ƙaramin famfo ya zama dole. A cikin taɓo, giya ta biyu, totur a tsaye ba fizga, ido a can gaba inda kake son zuwa. Sawun mashin ɗin da ya riga ka wucewa ya fi sawun Land Rover, wanda zurfinsa kan kai gwiwa.

Kowace yamma, kafin ka nemi shayi, ka ba mashin minti 15. Sarƙa ce farko: wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ta bushe, ka sa mata mai. Laka da mai idan suka haɗu suna cin sarƙa da haƙoran da take hawa cikin 'yan kwanaki. Taɓa ta a tsakiya ka ji sakinta. A ƙananan mashina kamar faɗin yatsa biyu ya isa, masu dogayen ƙafafu kuwa suna buƙatar fiye da haka, don sarƙar tana ɗaurewa idan bayan mashin ya nutse. Sai matatar iska. Ta soso ana wanke ta, a matse, ta bushe, a shafa mata mai kaɗan. Ta takarda ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi ko a canza. Bi notina da sifana ɗaya bayan ɗaya, musamman na salansa da na matakin ƙafa, don girgiza tana kwance su. Ƙwanƙwasa wayoyin wili: wanda ya yi ƙarar da ta bambanta da ta sauran ya saki. Duba baƙin mai da sanda. A jakarka a samu tub, kayan faci, ƙarafan cire taya, wayar kuloci da ta totur, mahaɗin sarƙa, filaya, da igiyar roba irin ta tsohon tub, wadda babu abin da ba ta ɗaurewa.

Rafuka suna da yawa, kuma ba kowanne ne yake da gada ba. Sauka ka taka ruwan da ƙafa tukuna, ko ka jira ɗan gari ya wuce ka ga inda ya bi. Muddin ruwa zai kai bakin matatar iska, kada ka shiga da inji a kunne. In kuma mashin ya faɗi a ruwa, kar ka yi gigin buga kik. Ruwa ba ya matsuwa a cikin inji, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Cire filogi, ka buga kik har ruwan ya gama fita ta ramin, ka zubar da man da ke cikin kafireto, ka matse matatar. Idan baƙin mai ya koma fari kamar madara, a canza shi a gari na farko. A mashigin kogin Donga kusa da Gembu, a kwalekwale ake tsallakar da babura. Ka bar masu jirgin su ɗora shi yadda suka saba, kai dai ka riƙe jakarka.

Mai kuwa, cika tanki a duk babban gari. A ƙauyuka sai na kwalba da galan, kuma wani lokaci da ruwa ko datti a ciki. Ɗaga kwalbar ka duba ƙasanta a hasken rana, ka tace da ƙyalle mai tsabta. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don layin waya yana ɗaukewa da zarar ka bar babbar hanya.

Wuraren zuwa ba sa ƙarewa. Akwai gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea, da dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. Mai son ganin Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419, ya sani yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti ne, wanda aka kafa a 1991. Sai da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta ake shiga, ofishinsu yana Serti, kuma ƙarshen tafiyar a ƙafa ake yin ta, babur yana tsayawa a ƙauye. Hanyar Mayo Ndaga ita ce take fita zuwa Banyo a Kamaru, kuma masu ratsa Afirka a kan babur suna bin ta. Iyakar nan kusa take ƙwarai (yankin ma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama Najeriya), don haka takardun mashin da katin shaidarka su kasance a jikinka, cikin leda, ko da ba ka da niyyar tsallakawa.

Ciyawar nan da kake gani shimfiɗe tana da masu ita. Makiyaya sun kewaye wurare da yawa da shinge, kuma batun fili a Mambila ya sha haddasa rikici, saboda haka ba wurin da baƙo zai ratsa gona ko makiyaya don jin daɗin tuƙi ba ne. In ka buɗe ƙofar shinge, ka rufe. In ka haɗu da garke, rage wuta ka bar shanu su wuce, kada ka yi musu hon. In za ka kwana a ƙauye, fara da gaida Jauro: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, daga Jalingo muke, muna neman wurin kwana." Fulatanci ne ya fi yawo a tsaunin, amma Hausa za ta fishe ka a kasuwa da tasha. Ka ɗauki ɗan acaɓa na garin ya yi maka jagora, ku yi ciniki tun kafin ku tashi, man mashin ɗinsa da abincinsa a kanka. Kada ka fita kai kaɗai, kuma ka gaya wa mai masaukinka inda kuka nufa da lokacin da zai sa ran dawowarku.

Hular kwano, safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu ba abin tattaunawa ba ne. Ƙara da rigar sanyi mai kauri da rigar ruwa, ko da rani ne, don asubahin Nguroje yakan sandarar da yatsu har mutum ya kasa matsa kuloci. Asibitin da zai iya ɗaukar babban rauni yana da nisa daga yawancin hanyoyin nan, don haka bandeji, maganin ciwo da na wanke rauni su shiga jaka ɗaya da sifanoni.