Kafin Ka Kama Haya A Birni

 Ɗana, na ji aikin da kake nema a Kano ya samu, har ka fara cigiyar gidan haya don ka ɗauko iyalinka daga Kabo. Madalla. Maganar da zan yi maka ta shafi duk wani yaro daga Gwarzo, Getso, Kutama, Garo ko Durun da ya hau mota ya sauka a Kabuga da niyyar zama. Neman aiki wahala ce, neman makwanci a birni kuma wahala ce ta daban, don hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ka fara sanin inda kake tsaye. A wasu ƙasashe, kamar Ingila, mai ƙaramin ƙarfi yakan nemi hukuma ta biya masa wani kaso na kuɗin haya. Tun farkon shekarun 1980 suke da wannan tsari, daga 2013 kuma suka fara haɗe shi da sauran tallafi wuri guda. Su ma kuka suke yi, don abin da hukuma ke bayarwa sau da yawa ba ya kai abin da masu gidaje ke nema. Mu a nan ko wannan ba mu da shi. A da ma'aikaci yakan sa rai da kwatas ɗin gwamnati, amma tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar wa ma'aikatan tarayya irin wannan alfarma kuɗi a 2003, aka sayar da gidaje da yawa, abin da ya rage shi ne ɗan alawus na haya da aka cusa cikin albashi. Rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 suna nan, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin sabon ma'aikaci. Tallafinka guda uku ne: albashinka, hankalinka da mutanen garinku. Da su za ka yi lissafi.

To, mu yi lissafin. A 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa a kan naira 70,000, gwamnatin Kano kuma ta ce 71,000 za ta biya. Mai ɗaukar wannan, abin da ke shigo masa a shekara naira 852,000 ne. Masana harkar gidaje sukan ce kada haya ta haura kashi 30 cikin 100 na samun mutum, wato kusan naira 255,000 ke nan a shekara. Ka sa naka albashin a wannan ma'auni, abin da ya fito shi ne iyakarka. Ka rubuta shi ka riƙe kafin ka ga ƙofar kowane gida, don ido in ya ga tayil da fenti yakan manta da aljihu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Sannan ka sani kuɗin da mai gida ya faɗa somin-taɓi ne. Akwai kuɗin mota, akwai na ruwa, akwai na wuta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, nisa ya zama kuɗi. An hana acaɓa a birnin Kano tun 2013, saboda haka a-daidaita-sahu ne abin hawanka, wani wurin ma sai ka hau biyu kafin ka isa. Mu ɗauka kana kashe naira 1,000 kullum zuwa da dawowa, kwana 26 a wata. A shekara naira 312,000 ke nan, ya ma zarce hayar da muka lissafa. Sai ka ga ɗakin da ka guda saboda tsada, wanda daga shi za ka taka da ƙafa zuwa wurin aiki, ya fi na bayan gari sauƙi. Haka ruwa. Gidan da ba rijiya, ba famfo, ba burtsatse kusa, kullum sai mai garuwa ya turo kura ƙofarka, ga wanki, ga wanka, ga girki. Ka tambayi kuɗin jarka a unguwar, ka ninka da abin da iyali ke sha a wata, ka ɗora a kan hayar. Abin da ya taru shi ne ainihin kuɗin gidan.

Mu mutanen yammacin Kano Allah ya yi mana gata, don titin Gwarzo ya ratsa unguwanni masu yawa kafin ya kai Kabuga. Akwai Janguza, Rimin Gata, Rijiyar Zaki, ga Ɗorayi a gefe. In wurin aikinka ya ba da dama, ka zauna ta wannan ɓangaren. Buhun masara ko dawa daga gonar gida zai iso ka ba tare da ya ratsa cikin gari ba, kuma in an yi haihuwa ko rasuwa, ko mahaifiyarka ba ta jin daɗi, mota ɗaya za ka hau. Sai dai ka lura da kewayen sabuwar Jami'ar Bayero, irin su Ɗanbare, inda ɗalibai ke rububin ɗakuna har kuɗi ya ɗaga. In a masana'antun Sharaɗa ko Challawa kake, ka duba Ja'en, Ɗorayi da Panshekara. In kuwa Kantin Kwari ne ko Singa, ka leƙa Kurna da Rijiyar Lemo. Aikinka ne zai zaɓa maka unguwa, kada sunan unguwa ya ruɗe ka.

Kafin ka je wurin dillali, ka fara da mutanenka. Ba kasuwar da za ka shiga a Kano ka rasa ɗan Gwarzo ko ɗan Kabo a ciki. Ka gaida manya, ka faɗa musu buƙatarka da iyakar ƙarfinka, ba kunya a ciki. Gidaje masu sauƙi da yawa ba sa kaiwa hannun dillalai, a masallaci da majalisa ake jin labarinsu: wane zai tashi ƙarshen wata, Hajiya wance tana neman mutumin kirki ta ba shi shiyya ɗaya. Mai gida yakan rage wa wanda aka tsaya masa, har ya yarda a biya shi kashi biyu, don natsuwa da ɗan haya ta fi masa ƙarin 'yan dubbai.

In ta kama sai da dillali, to dillanci sana'a ce ta halal, kuma akwai masu amana a cikinsu. Amma ka yi magana da shi a fili tun farko: nawa ne la'ada, wa zai biya, akwai kuɗin gani, akwai kuɗin takarda? Za ka ji ana ce maka, “Yallaɓai, mutum uku ne ke layi, in ba ka ajiye wani abu yau ba gobe babu.” Ka yi murmushi ka ce Allah ya ba mai rabo. Kada ka ba da ko sisi sai ka ga mai gidan da idonka, ko wakilinsa da mai unguwa ya sani. An sha karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya, an sha ba da hayar gidan gado da magada ba su gama rabo ba, sabon shiga ya wayi gari da sammaci a ƙofa.

Ranar ganin gida, kada ka tsaya a falo. Ka duƙa ka dubi gindin bango. In ka ga wani layi ya zagaye ɗakin, fenti ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, ruwa ne ya taɓa kwana a nan, kuma zai dawo a watan Agusta. Ka ɗaga kai ka dubi silin, taswirar ruwan ƙasa-ƙasa alamar yoyo ce. Ka shiga banɗaki, ka tambayi inda masai yake da tazararsa da rijiya. Ka fita waje ka bi kwata ka ga inda take zubewa, ko tana tafiya ko ta tsaya ta yi baƙi. Ka nemi a nuna maka takardar wuta ta ƙarshe, don bashin wanda ya tashi yakan zama naka, kuma in mita ɗaya ce ga gida duka, ka ji yadda ake raba kuɗin. In gidan yawa ne, ka ƙirga ƙofofi ka ƙirga banɗakuna. Gani ya kori ji.

Daga nan sai ka sake komawa kai kaɗai, ba dillali. Ka yi sallar Magariba a masallacin layin, ka zauna wurin mai shayi bayan Isha'i, ka buɗe kunne. Nan za ka ji ko ana ƙwacen waya a lungun, ko 'yan shaye-shaye na taruwa a kangon da ke kusa, ko akwai 'yan sintiri, ko mai gidan mutum ne mai ƙarin haya kowace shekara. Ka duba nisan makarantar boko da Islamiyya da asibiti. Kai fita za ka yi da safe, matarka da 'ya'yanka su ne za su wuni da maƙwabtan nan. Saboda haka ka kai ta ta gani kafin ka biya, ka ji ra'ayinta a kan madafa, wurin shanya da sirrin tsakar gida. Abin da za ta hango cikin ɗan lokaci, kai sai ka yi wata ba ka lura ba.

In kun daidaita, a rubuta. Mutanenmu suna jin nauyin neman takarda, wai kamar rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma malaman fiƙihu sun shar'anta cewa a haya dole a san kuɗi a san wa'adi. A rubuta ranar shiga, ranar ƙarewa, adadin kuɗi, wanda zai yi gyaran rufi da yashe masai, da wa'adin da za a ba ka in ana son ƙari ko tashi. Shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi rasit, in ta banki ka tura ka adana shaidar. A dokokin haya na jihohin ƙasar nan, in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara yana da notis na wata shida, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, sannan kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Ba a cire maka ƙofa ko rufi, ba a watsa maka kaya waje. In saɓani ya taso, ka fara da mai unguwa, sannan Hisba don sulhu, kotu ta zama ta ƙarshe.

Ranar da ka shiga gida, ranar za ka fara tara hayar baɗi. Abin da ke kayar da yaranmu shi ne su biya shekara su miƙe ƙafa, sai wata na goma sha ɗaya hankali ya tashi. Ka raba kuɗin gida goma sha biyu, ka ƙara wani abu saboda ƙari, ka cire shi ranar da albashi ya shigo. Ka shiga adashi da mutanen da ka yarda da su, ka roƙi a sa kwasarka ta zo daidai da watan biya. Ka guji bashin nan na waya mai ruwa, wanda in ka makara suke bin lambobin 'yan uwanka suna tozarta ka. Ka kuma duba takardar albashinka ko ana cire maka kashi 2.5 cikin 100 na Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. In ana cirewa, kuɗinka ne, ka bi sawunsa ka san lambarka.

Abu ɗaya nake roƙonka da babbar murya: kada ka sayar da gonar gado don ka biya haya. Haya shekara take ci ta ƙare, gona kuwa kowace kaka sai ta aiko maka. Ko ba za ka iya nomawa da kanka ba, ka ba ɗan uwa ya noma ku raba, ko ka riƙa zuwa ƙarshen mako da damina. Mai hatsi a ɗaki rabin albashinsa ya tsira. Kuma in lissafi ya ƙi fita bana, ba abin kunya ba ne ka kama ɗaki ɗaya kai da abokin aiki, iyali su ƙara shekara a gida kana zuwa duk mako, tunda tafiyar ba ta da nisa. Gara ka fara da ɗaki ɗaya ka koma ciki da falo, da ka fara da babban gida a fitar da kai bayan shekara ana kallo.

Kai ma akwai haƙƙi a kanka. Ka riƙe gidan mutane kamar naka, ka gyara abin da ka ɓata, ka share kwata, ka shiga aikin gayyar unguwa. In ka ga biya zai yi jinkiri, ka je da ƙafarka ka faɗa wa mai gida tun da sauran lokaci, kada ka kashe waya kana zillewa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, sai da haƙuri. Ka tuna da sunan garinku ake kiranka. In ka zauna lafiya ka fita lafiya, gobe wani yaro daga Kabo zai sami ɗakin nan saboda kai, in kuwa ka ɓata, ka rufe wa na baya ƙofa.

Allah ya haɗa ka da mai gida mai tausayi da maƙwabta nagari, ya sa albarka a cikin ɗan abin da kake samu, ya nuna mana ranar da za ka aza tubalin naka na kanka. Ka gaida iyali.